Kwana Shida Na Haƙuri, Rana Ɗaya Ta Kwaɗayi: Ina Ribar Mai Rage Ƙiba?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana raba kan masu fama da ƙiba, watau ko ya dace mutumin da ya ɗaura ɗamarar rage jiki ya ware rana guda a kowane mako, ya jingine duk wata ƙa'ida, ya ci abin da ransa ke so iyakar cikinsa. Turawa, waɗanda su ne suka ƙago wannan al'ada, sun laƙaba wa ranar wani suna wanda in an juya shi da Hausa sai a ce "ranar maguɗi". Mu dai a nan za mu kira ta ranar sakewa. Waɗansu na cewa ita ce ke sa mutum ya jure wahalar sauran kwanaki shida, waɗansu kuwa na cewa ita ce ɓarakar da ke zubar da duk abin da aka tara.

Maganar ba ta wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima. A nan gida Nijeriya ma, binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya zarce abin da ya dace da tsayinsu. A da, in tumbin mutum ya fito sai a ce ya samu hutu, Allah Ya yi masa buɗi. Yau kuwa da yawa daga masu tumbin nan likita ne ya zaunar da su ya ce ko dai su rage, ko kuwa hawan jini da ciwon sukari su yi musu sallama. Wanda aka faɗa wa haka yana da hakkin ya san ko ranar sakewa taimakonsa za ta yi ko cutarsa.

Asalin al'adar daga masu ɗaga ƙarfe take, waɗanda kan matse cikinsu na makonni kafin gasar nuna ƙwanji. Daga nan ta shiga littattafan rage ƙiba na Amurka. Wani littafi mai suna Body for Life, na Bill Phillips, wanda ya fito a 1999 ya kuma yi kasuwa ƙwarai, ya tsara wa mabiyansa kwana shida na ƙa'ida da rana ɗaya ta cin abin da aka ga dama. Da zamanin wayar hannu ya zo sai abin ya zama ado. Ɗan wasan nan na Amurka, Dwayne Johnson, wanda masu kallon kokawa suka fi sani da The Rock, yakan jera abincin ranar sakewarsa a Instagram, tuli guda, miliyoyin mutane na kallo suna haɗiyar yawu. Abin da mai kallo kan manta shi ne, wannan mutum motsa jiki sana'arsa ce. Ma'aikacin da ke wuni a kan kujera, daga ofis sai mota, in ya ce zai kwaikwaye shi a faranti alhali bai kwaikwaye shi a ɗaga ƙarfe ba, ya ɗauko abin da ba zai iya saukewa ba.

Mu fara da lissafi, domin a nan ne gardama ta fi sauƙin yankewa. Masana suna auna ƙarfin da abinci ke bai wa jiki da wani ma'auni da ake kira kalori. A ce ga magidanci wanda jikinsa ke ƙona kalori 2,500 a rana. Ya yi ƙoƙari ya rage cinsa zuwa 2,000, watau kullum yana bin jikinsa bashin 500, jikin kuwa ya biya daga kitsen da ya tara. A kwana shida an samu 3,000. Bisa ga ƙiyasin da aka saba amfani da shi, kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, saboda haka duk haƙurin nan na kwana shida bai kai rabin kilo ba. To, a rana ta bakwai in ya ci 4,000, ya mayar da rabin abin da ya rage. In ya kai 5,500, an yi ba a yi ba ke nan, ya koma inda ya tashi ranar Litinin.

Mai karatu zai ce, wa zai iya cin kalori 4,000 ko 5,000 a wuni ɗaya? Ai kuwa ba wuya a teburinmu. Mai shi ne babban ɓarawon: giram ɗaya na mai yana da kalori 9, alhali na sitaci ko na sukari 4 ne, kuma babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kusa kalori 120. Ka lissafa karin kumallo na ƙosai da waina da shayi mai kauri, da rana a je gidan biki a ci dafa-duka da soyayyar kaza a kora da lemo kwalba biyu, wanda kowace mai santilita 50 tana iya ɗaukar sukari kusan giram 50, da la'asar a taɓa cincin da dubulan ɗin da aka ƙullo, da dare a bi ta wurin mai tsire, a rufe da fura da nono an zuba sukari. Babu wanda zai ga mai wannan ci ya ce ya yi haɗama, domin kowane lokaci ɗan daidai ya ci. Amma in an tara, an kusa ko an wuce adadin da muke magana. Bahaushe ya ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A sha'anin rage ƙiba abin ya juye: kwana shida na mai kaya, rana ɗaya ta ɓarawo, kuma ranar nan ɗaya ta ishe shi ya kwashe.

Sai dai a nan akwai wani abu da ya kamata a kwantar wa mutane da hankali a kansa. Wanda ya hau sikeli washegarin biki ya ga ya ƙaru da kilo ɗaya ko biyu, kada ya ɗauka duk kitse ne. Kafin a tara kilo biyu na kitse sai an ci rarar kalori fiye da 15,000, abin da ba ya yiwuwa ga yawancin mutane a wuni guda. Akasarin abin da sikeli ya nuna ruwa ne. Jiki yakan adana sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe ruwa kamar giram uku. Gishiri da magi su ma suna riƙe nasu. Ga kuma abincin da bai gama wucewa ba. Cikin kwana biyu ko uku na komawa ƙa'ida sai ya sauka. Mutane da yawa a daidai wannan gaɓa suke yanke ƙauna su watsar da komai, a kan nauyin da fitsari ma zai fitar.

HUJJAR FARKAR DA JIKI

Masu goyon bayan ranar sakewa suna da wata hujja da ke da kamar ilimi a cikinta. Suna cewa in mutum ya daɗe yana rage ci, jikinsa kan ɗauka fari aka shiga, sai ya rage yawan abin da yake ƙonawa, don haka cin rana ɗaya mai yawa zai farkar da shi. Rabin farko na maganar gaskiya ne. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano wani sinadari da kitsen jiki ke fitarwa, mai suna leftin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke rumbu. In mutum ya rame sinadarin yakan ragu, yunwa ta ƙaru, jiki ya shiga tsimi.

Rabi na biyu ne ke da rauni. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Lausanne ta ƙasar Suwizalan sun ciyar da waɗansu mata fiye da bukatarsu har kwana uku. Da rarar ta kasance ta abinci mai sitaci, leftin ya tashi da kashi 28 cikin 100, abin da jiki ke ƙonawa kuma ya ƙaru da kashi 7 kacal. Da ta kasance ta mai, ba a ga wani canjin kirki ba. Kashi 7 na kalori 2,000 shi ne 140, watau ɗan abin da ya ɗara cokali ɗaya na mai. Wanda ya ci rarar 2,000 don ya ƙona 140, lalle kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Akwai kuma wani bincike da ake yawan jingina wa ranar sakewa, wanda Farfesa Nuala Byrne ta Jami'ar Tasmaniya a Ostareliya ta jagoranta, aka buga shi a 2017. An ɗauki maza 51 masu ƙiba aka raba su biyu. Kashi na farko aka rage musu sulusin abincinsu har mako 16 a jere. Kashi na biyu su ma mako 16 suka yi, amma a gutsure: mako biyu na ragi, mako biyu na hutu. A cikin waɗanda suka bi tsarin har ƙarshe, masu hutu sun zubar da kilo 14, masu yi a jere kuwa kilo 9. To, amma fa a duba irin hutun. A makonnin nan biyu an auna musu abinci ne daidai da abin da jikinsu ke ƙonawa, ba ragi ba ƙari. Babu wanda aka ce ya je ya buɗe ciki. Wannan hutu da ranar sakewa irin ta Instagram, hanyar jirgi daban, ta mota daban. Har ila yau wani gwaji da aka sake yi a Ostareliya a 2021, a kan masu motsa jiki, bai ga bambanci a yawan kitsen da aka zubar ba, illa dai masu hutun sun fi samun sauƙin yunwa.

ZUCIYA TA FI CIKI WUYAR SHA'ANI

In ranar sakewa tana da wani amfani na haƙiƙa, to, a zuciya yake. Haramta wa kai abu gaba ɗaya yakan ƙara masa daraja a ido. An ga iyakar wannan a gwajin da Ancel Keys ya yi a Jami'ar Minnesota daga 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda samari 36 suka yarda aka rage musu kusan rabin abincinsu har wata shida, suka zubar da kimanin rubu'in nauyinsu. Mutanen nan sun koma ba su da zance sai na abinci, waɗansu har tara littattafan girke-girke suka riƙa yi, kuma da aka sake su, da yawa suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa, su ƙoshi amma su kasa tsayawa. Matsatsi mai tsanani shi ke haifar da ɓarkewa mai tsanani. Duk wanda ya taɓa cewa daga yau ya bar tuwo da shinkafa da nama baki ɗaya, sai ganye da ruwan zafi, ya san kwana nawa alkawarin ya yi.

Saboda haka ne wani gwaji da Rita Coelho do Vale ta ƙasar Fotugal da abokan aikinta suka buga a 2016 ya ja hankali. Sun ba wani rukuni kalori 1,500 kullum. Wani rukunin kuma suka ba shi 1,300 na kwana shida, da 2,700 a rana ta bakwai. Bayan mako biyu duka rukunan sun ragu kusan daidai da juna, amma masu ranar sakewa sun fi nuna ƙwarin gwiwar ci gaba. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya lissafa: 1,500 sau bakwai 10,500 ne, 1,300 sau shida a tara da 2,700, shi ma 10,500 ne. Watau an riga an biya kuɗin ranar nan tun kafin ta zo, kuma an yi mata iyaka. Gwajin ƙarami ne, na ɗan lokaci, amma darasinsa a fili yake.

Ga kuma ɗaya gefen. A 1975 Peter Herman da Deborah Mack suka yi wani gwaji a Jami'ar Northwestern ta Amurka wanda har yau ake koyar da shi. Sun tara ɗalibai mata da sunan ɗanɗana askirim. Kafin a fara, waɗansu aka ba su kofi ɗaya ko biyu na madara mai zaƙi da kauri suka sha, waɗansu ba a ba su komai ba. Waɗanda ba ruwansu da rage ƙiba, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, kamar yadda hankali zai ɗauka, tun da ciki ya riga ya ɗauka. Amma masu takura wa kansu a kan abinci, waɗanda suka sha madarar sun fi waɗanda ba su sha ba cin askirim ɗin. Dalili kuwa, a ransu sun riga sun karya doka, don haka komai ta fanjama fanjam. Wannan hali shi ne babban haɗarin ranar da aka kira ta maguɗi tun daga sunanta: mutum ya shige ta yana jin shi mai laifi ne, mai laifi kuwa da ya ga an riga an kama shi ba ya tsayawa a rabi. Asabar ta zarce Lahadi, Lahadi ta ce a bari sai Litinin, Litinin ta ce sai sabon wata.

A 2022 Kyle Ganson na Jami'ar Toronto ya binciki matasa fiye da 2,700 a Kanada, ya tarar fiye da rabinsu sun yi irin wannan cin na maguɗi a cikin shekara guda, kuma al'adar tana tafiya tare da alamun rikicewar cin abinci, kamar cin da mutum ba ya iya tsayar da kansa, da ramuwar gayya a kan jiki bayan an ci. Haka nan a Amurka akwai wani kundi da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, na mutanen da suka zubar da aƙalla kilo 13 da ɗoriya suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Da aka bi sawun fiye da 1,400 daga cikinsu, rahoton 2004 ya nuna waɗanda cinsu bai bambanta tsakanin ranakun aiki da ƙarshen mako ba sun fi sauran yiwuwar riƙe nauyinsu da ninki ɗaya da rabi. Wannan bai tabbatar da cewa rashin ranar sakewa shi kaɗai ya jawo nasarar ba, amma ya nuna inda masu nasarar suka fi taruwa.

KALANDARMU TA RIGA TA CIKA

Duk binciken nan a ƙasashen Turawa aka yi shi, inda mutum kan iya shafe wata bai ci abincin gidan kowa ba. Mu kuwa a Kano ko Sakkwato, ko a Agege da Sabo ta Ibadan, ranar sakewa ba sai an ware ta ba, da ƙafarta take zuwa. Wannan Asabar ɗaurin aure, waccan suna, ta gaba walimar saukar karatu ko tarbar alhazai. Ga ƙaramar Salla da tuwonta da wainarta, ga babba wadda soyayyen naman layya kan yi mako biyu ana ɗiba a tsaitsaye, ba ma a sa shi a lissafin abinci. Kuma a wurinmu ƙin cin abincin mai gida abin kunya ne. Ka ce ka ƙoshi, uwar gida ta ce, "Haba Alhaji, ko dai girkin namu ne bai yi ba?" Ka ɗan faɗa, dangi su tare ka da "Lafiya kuwa? Ka rame!" kamar wanda ya tashi daga jinya. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ya sake yanka wa kansa rana guda kowane mako a kan waɗanda jama'a suka riga suka yanka masa, ya zama mai ranar sakewa biyu ko uku a mako, yana kuma mamakin yadda sikeli ya ƙi motsi.

A ganina, rana sukutum ta yi yawa. Abin da hujjoji suka fi goyon baya shi ne ci ɗaya, wanda aka san da zuwansa tun farkon mako, aka kuma yi masa iyaka. Mai hankali sai ya duba katunan gayyatar da ke gabansa ya zaɓi wanda zai ci a cikinsa da daɗin rai, ya bar sauran a gaisuwa da addu'a. A ranar, ya karya kumallo kamar kullum. Zuwa gidan biki da yunwar da aka tara da gangan shi ke sa a ci na mutum uku. Faranti ɗaya, a zaune, ba ƙari. In ga lemo ga kaza, ya zaɓi wanda ya fi so, tun da sukarin da aka sha ba ya cika ciki kamar abin da aka tauna. In uwar gida ta matsa, akwai amsar da ba ta ɓata zumunci: "Wallahi Hajiya ya yi daɗi, a ƙulle mini sauran in kai wa yara." Sai dai fa a kai wa yaran.

Daɗin daɗawa, wanda ya ga duk mako ba ya tunanin komai sai ranar sakewarsa, to, alama ce ƙa'idarsa ta sauran kwanakin ta yi tsanani. Gara ya sassauta ta, ya bar wa kansa malmala ɗaya ta tuwo maimakon biyu da ya saba, da 'yar tsokar nama, da miya wadda ba ta yi iyo a mai ba, da ya hana kansa komai kwana shida sa'an nan ya rama a na bakwai. Washegarin biki kuma ba ranar horo ba ce. Kada a ce za a wuni ba ci don a biya bashi, domin wannan shi ke sake kunno yunwar da za ta kai ga wata ɓarkewar. A koma abincin da aka saba kawai, a bar sikeli ya huta kwana uku.

Akwai waɗanda wannan sassauci ma bai shafe su ba sai da izinin likita. Mai ciwon sukari, musamman wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin saukar da sukari, cin shinkafa da lemo da alkaki a zama ɗaya yana iya harba sukarin jininsa zuwa inda zai kwana a asibiti, kuma ba daidai ba ne ya ƙara wa kansa magani da ka don zai je biki. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya tuna gishirin da ke cikin kilishi da yajin tsire ba ya jiran ƙarshen mako kafin ya yi aikinsa. Mai ciwon gaɓoɓin nan da ake kira gawut, wanda kan kumbura babban ɗan yatsan ƙafa, cin nama da kayan ciki na dare ɗaya ya isa ya tayar masa da shi. Wanda kuwa ya san in ya fara ci ba ya iya tsayawa, har ya riƙa ɓoyewa yana ci ko yana ƙoƙarin amayarwa bayan ya gama, wannan ciwo ne da ake magani, kuma manyan asibitocinmu na koyarwa suna da sashen masana abinci da na likitocin ƙwaƙwalwa da ake kai irin wannan kuka.